Wasiƙar Godiya ga Shagon da Ya Koya Mini Fitar da Akushi a Kan Inji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Maigida, mai shagon kafinta da juya katako a Birnin Kebbi, da manyan yaransa, da duk mai cin abinci a wannan rumfa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne saboda godiyar da na yi muku baki da baki ba ta ishe ni ba. Na san ba ku son a riƙa ambaton sunanku, don haka na bar shi. Amma aikin da kuka yi mini ba zan rufe shi ba, domin Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Ni ɗan masassaƙa ne daga ƙasar Argungu. Mahaifina da kakana da gatari da gizago suka riƙe gida: turmi, taɓarya, ƙotar fartanya, kujerar mata, ƙoshiya da akushi. Turmi da ƙota har gobe suna da masu saye. Akushi kuwa kwanon samira da roba sun ture shi gefe, ga shi kuma yana cin lokacin masassaƙi fiye da abin da kuɗinsa ke biya. Wannan ne ya sa na zo wurinku da na ji kuna da injin da ke juya itace, kuna fitar da ƙafafun gado da na kujera, kuma kun iya fitar da kwano a kansa.

Kowa ya san yadda koyon sana'a yake a wasu wurare. Yaro zai shekara yana shara da zuwa sayen shayi, maigida na juya masa baya duk lokacin da aka zo gaɓar da ke da sirri. A wurinku ban ga haka ba. Babu abin da kuka sa ni yi ba tare da kun faɗa mini dalilinsa ba, kuma wannan shi ne babban abin da na zo yabawa.

Kafin na taɓa makunni sai da kuka gyara mini shiga. Babu babbar riga, babu hannun riga mai lilo, babu zobe ko agogo, babu safar hannu, domin abin da ke juyawa ba ya sakin abin da ya kama. Kuka ba ni garkuwar fuska mai rufewa daga goshi har haɓa, kuka ce tabarau kaɗai ba ya kare haƙori. Kuka koya mini in juya itacen da hannu zagaye ɗaya kafin a kunna, in tabbatar bai taɓa madogari ba, wato wurin da ake ɗora ƙarfen yanka, sannan in kauce gefe lokacin da injin ke tashi, don in wani ɓangare ya ɓalle kada ya same ni a gabansa. Har da wani abu da ban taɓa jin an faɗa ba: in an ɗauke wuta, a kashe makunni nan take, kada a dawo da ita injin ya tashi hannun mutum na kansa.

Sai batun gudu. Kun nuna mini yadda ake matsar da bel daga wannan fuli, wato gargaren da bel ke zagayawa a kai, zuwa wancan, kuka ce ko yaushe a fara da mafi ƙarancin gudu, musamman ga gungumen da bai daidaita ba tukuna. Ƙa'idar da kuka rubuta mini da alli a jikin bango ita ce a ninka faɗin itacen a inci da yawan zagayen injin a minti, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Ke nan kwano mai inci 10 yana son zagaye 600 zuwa 900, kuma yadda kwano ya ƙara faɗi haka gudunsa zai ragu. In injin ya fara rawa, an wuce iyaka, ko da lissafi ya ce ba a wuce ba.

Inda kuka fi daɗewa da ni, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne sanin jijiyar itace. A gidanmu mun san itace da hannu, amma ban taɓa jin wanda ya warware shi da baki kamar ku ba. Kun ɗauko gungumen mangwaro ɗanye, kuka tsaga shi biyu ta tsakiya, kuka cire cibiyarsa, kuka ce daga nan tsagewa ke farawa, don haka ba ta shiga kwano. Daga kowane rabi aka zana da'ira aka yanke. Sai kuka nuna mini cewa ƙafar kujera jijiyarta na kwance ne tare da tsawon injin, amma ta kwano a gicciye take. Saboda haka a kowane zagaye ƙarfe na haɗuwa da kan jijiya, wato inda jijiyar ta ƙare, sau biyu, da gefenta sau biyu, kuma a wuraren nan biyu na kan jijiya ne itace ke yagewa in ƙarfe ya dakushe. Dalilin ke nan da kuka hana a kawo faffaɗan ƙarfen da ake fara ƙafar kujera da shi kusa da kwano: bakinsa na cafkar kan jijiya, wuyansa kuma siriri ne, yana iya karyewa a hannu. Kwano yana da nasa ƙarfen, mulmulalle mai kauri, da kwari a tsakiya kamar indararo. Kun kuma gargaɗe ni kan maida tsohon magagari ƙarfen yanka, domin taurinsa ya yi yawa, ba ya lanƙwasa sai dai ya fashe.

Ba zan manta ranar da kuka ɗora hannunku a kan nawa ba. Kuka ce abu uku ne a jere: ƙarfe ya zauna a kan madogari, bayan bakinsa ya jingina da itace yana gogawa ba tare da ya ci ba, sannan a ɗaga ƙota a hankali har kaifin ya kama. Da ya kama, sai ga sassaƙe dogaye masu laushi suna tashi suna sauka a kafaɗata, ruwan itacen na fantsama a garkuwar fuska. Kuka ce in daina tura hannu, in manna ƙotar a ƙugu in tafi da jikina gaba ɗaya. Bayan kwano daga gindi ake hawowa zuwa baki, cikinsa kuma daga baki ake gangarawa zuwa gindi, don jijiyar da ake yankewa ta sami wadda ke tallafe ta a ƙasa. Kuka sa ni sauraron injin: ƙarar yanka mai kyau daban, ƙarar bangon da ya fara yin siriri daban. Kuma duk bayan ɗan lokaci a kashe, a auna zurfi, kada a huda gindi.

Wasa ƙarfe kuwa kun mai da shi rabin sana'ar. Da zarar sassaƙe ya koma gari, sai ku ce a koma kan dutse.

Na ɗauka ranar da kwanon farko ya fito ranar zan kai shi gida. Sai kuka ce a'a, ɗanyen itace ba a gama shi a zama ɗaya. Aka bar kaurin bangonsa kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, wato inci ɗaya ga kwano mai inci 10. Aka shafa narkakken kyandir a wuraren kan jijiya, aka tura shi cikin buhun takarda tare da nasa sassaƙen, aka rubuta kwanan wata a jiki, aka ajiye a inuwa. Kun bayyana mini cewa itace in yana bushewa ya fi tsukewa a gicciye fiye da a tsawon jijiya, shi ya sa kwanon ke fitowa a karkace bayan watanni, kuma kaurin nan da aka bari shi ne abin da za a sake ci har ya koma da'ira. A ƙasarmu hunturu ne abin tsoro, domin iskarsa na busar da waje tun ciki na jiƙe, sai a wayi gari kwano ya dare. Mai neman kuɗin yau ba zai koya wa yaro wannan jiran ba, ku kuwa kun koya mini, har kuka ba ni wurin ajiya a ɗakin kayanku.

Gogewa da sanfefa ba ta ɗauki dogon bayani ba: a cire madogari tukuna, a sa takunkumi, a bi lamba 80, 120, 180 har 240 ba tsallake. A ƙarshe man kaɗe da kakin zuma, tunda abin cin tuwo ne, ba a sa masa fentin kujera.

Akwai wani halinku da nake so jama'a su sani. Ba ku sayen itacen da ba ku san inda aka saro shi ba. Yawancin abin da muka juya dogon yaro ne da iska ta kayar da damina, da rassan mangwaron da masu lambu suka rage. A wurinku na ji cewa dogon yaro daga Indiya aka kawo shi, kuma dangi ɗaya suke da maɗaci, shi ya sa katakonsu ke kama da juna. Madobiya kuwa kun ce a bar ta ta huta, domin saran da aka yi mata ana kai wa Sin ya sa tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ta sa wa cinikinsu ido. A jihar da hamada ke matsowa daga arewa, wannan tsantseni ba ƙaramin abu ba ne.

Da mahaifina ya zo ganin inda nake, kun tashi kun ba shi kujerarku, kuna ce masa Baba. Ya ɗauki kwanona ya matse bangon tsakanin babban yatsa da manuniya, ya bi shi daga baki har gindi, ya ce akushi na gaskiya gindinsa ya fi haka nauyi, don kada ya kife in ana yankar tuwo. Ba ku yi musu ba. Kuka ɗauko fensir kuka ce ya zana muku yadda na da yake, kuka tambaye shi kan danya da kirya da sauran itatuwan da suka yi aiki da su. Tun daga ranar muke fitar da siffar da ya zana, shi kuma yana yi musu baƙi da zanen baya da hannunsa a gida. Niyyarmu mu kai su bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, inda baƙi ke neman kayan hannu na ƙasar Kabi.

Ina kira ga iyayen da ke da yaro mai sha'awar aikin katako su nemi irin wannan shago, kuma masu hali su taimaka muku da ƙarin inji, domin ɗayan da ke akwai layi ake bi kafin a hau.

Maigida, Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara buɗi, Ya tsare hannuwanku da na yaranku, Ya jiƙan magabatanku. A gaida manyan yaran shago da suka yi haƙuri da tambayoyina. Baba ma yana gaisuwa.

Naku,
Ɗan masassaƙa daga ƙasar Argungu, Jihar Kebbi.