Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Da Ta Fara Koyon Aikin Sa Barci A Ɗakin Tiyata

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ga tambayarki a kan hanyar da ta fi dacewa a ba majiyyaci oksijin idan an sa shi barcin tiyata. A ganina, abin da ke cikin tumbinsa shi ne zai zaɓa miki, ba abin da ya fi miki sauƙi ba.

Kafin allurar barci, ki ɗora masa takunkumi ya kama fuska sosai, ya shaƙi oksijin zalla kamar minti 3, domin kashi 21 cikin ɗari ne kawai na iskar da muke shaƙa oksijin, kuma guzurin da kika cika huhunsa da shi ne zai riƙe shi idan numfashi ya tsaya. Riƙon takunkumi nake so hannunki ya fara gwanancewa a kai: yatsu biyu bisa roba, uku a ƙarƙashin muƙamuƙi suna ɗaga haɓa, idonki kuma yana kan ƙirji.

Robar LMA, wato robar numfashi da ake zurawa ta baki, wadda likitan Ingila Archie Brain ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, tana zama a bakin maƙogwaro ne, kuma ta dace da gajeriyar tiyata ga wanda bai ci komai ba. Sai dai ba ta tare amai daga shiga huhu gaba ɗaya. Saboda haka mai juna biyu da za a ciro wa jariri, da mai toshewar hanji, da wanda ya yi hatsari bayan ya ci tuwo, bututun maƙogwaro za ki sa musu, ki hura balon da ke jikinsa. Ina sabon shiga na taɓa zura bututu ya bi hanyar abinci, na matsa jakar hura iska sai na ga ciki yana tashi maimakon ƙirji, ga na'urar yatsa mai auna oksijin a jini tana nuna lafiya lau, domin takan makara kafin ta faɗi gaskiya. Ki saurari ɓangarorin ƙirji biyu, in kuma akwai na'urar auna iskar da majiyyaci yake fitarwa, ita za ki fi yarda da ita.

Siririyar robar da ke ba da oksijin ta hanci kuwa taimako ce kawai, ba ta kare huhu daga komai. Sannan injin tace oksijin yana tsayawa da zarar an ɗauke wuta, don haka kowace safiya ki buɗe silinda da hannunki ki duba ma'auninta kafin a shigo da majiyyaci na farko.

Mahaifiyarki tana gaishe ki.

Mahaifinki