Wasiƙa zuwa ga ɗana mai bautar ƙasa a Ibadan

Abba,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kuma ka fara sabawa da garin da makarantar da aka tura ka. Mu nan gida kowa lafiya, sai godiyar Allah.

Mahaifiyarka ta nuna mini jerin abubuwan da ka ce kana so ka kammala kafin ka gama bautar ƙasa: koyon haɗa wutar sola, kwas ɗin kwamfuta ta intanet, kiwon kaji, ƙarasa hadda, shirin digiri na biyu, da tara kuɗin aure. Na ji daɗi ƙwarai, domin babu na banza ko ɗaya a ciki. Sai dai taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Tsorona kada ka taɓa wannan ka taɓa wancan, ranar karɓar takardar sallama ta zo ba ka riƙe ko ɗaya da kyau ba.

Zauna ka yi lissafin lokacin da ke hannunka da gaske. Ana cewa shekara ɗaya, amma mako uku sun riga sun tafi a sansanin Iseyin. Litinin zuwa Juma'a kana makaranta har wajen ƙarfe 2 na rana, kuma a kowane mako akwai ranar aikin raya al'umma, ga tantancewar wata-wata kafin alawus ya shigo. Darasin da za ka koyar ma sai ka shirya shi, takardun yara sai ka duba su, kuma wannan amana ce da ta riga duk wani buri naka. Idan ka cire waɗannan, abin da ya rage maka shi ne sa'a guda bayan Asuba, tsakanin La'asar da Magariba, sai ranar Asabar. Shi ke nan jarinka.

Shawarata ita ce ka ɗauki babban abu ɗaya, da ƙarami ɗaya a gefensa.

Babban ya zama aikin sola, tunda ka fara shi a sansani kuma ka ce hannunka ya kama. Ka san halin da wutar lantarki take ciki a ƙasar nan. Gidaje da shaguna da masallatai duk sun koma neman mai haɗa musu sola, kuma wanda ya iya da gaske ba ya zama. Amma kada ka rubuta wa kanka "zan koyi sola" ka tsaya nan, don wannan fata ne kawai. Nemi maigida mai shago, ku yi magana a fili kan ranakun da za ka riƙa zuwa bayan La'asar, da Asabar gaba ɗaya in an samu aikin fita. Sannan ka yanka abin gunduwa-gunduwa. Wata biyun farko ka iya lissafin wutar da gida ke ci da girman batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) da za su ɗauke ta. Bayan nan ka iya jan waya da ɗora faifan sola a kan rufi. Kafin wata na takwas ka haɗa wa wani ƙaramin shago da hannunka, maigidanka yana kallo. Kowane mataki ya zama abin da za ka iya cewa "na yi" ko "ban yi ba".

Ƙaramin kuwa hadda ce, kuma lokacinta bayan Asuba, kafin ka taɓa waya. Izu ɗaya kusan shafi 10 ne a bugun Madina. In ka riƙe rabin shafi a rana, kwana biyar a mako, ka bar kwana biyu don tilawa, a wata guda ka samu izu. Kafin ka dawo gida kana da izu 10 a ka. Na san za ka raina rabin shafi, kana ganin za ka iya biyu. Za ka iya ɗin, na mako guda, daga nan ka gaji ka ajiye. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mana cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Kaji da kwas ɗin kwamfuta da digiri na biyu su jira, ba gudu za su yi ba. Kuɗi kuma, ranar da alawus ɗin nan na dubu 77 ya shigo, ka cire dubu 15 ka kai wani asusu daban kafin ka sayi ko da kati. A wata 10 ka tara dubu 150, ka samu na fara sayen kayan aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne waya da hira. Ban hana ka zama da abokai ba, ban hana ka kallon ƙwallo ba, kuma ina so ka riƙa leƙa 'yan'uwanmu a Sabo, unguwar Hausawa, ka kuma buɗe kunne ka koyi Yarbanci wurin ɗalibanka. Ka ba waɗannan bayan Isha'i da ranar Lahadi. In aboki ya zo maka a lokacin shago, ka ce masa kana da aiki, ba sai ka yi dogon bayani ba. Kuma ka kwanta da wuri, domin wanda ya kai ƙarfe 1 na dare yana latsa waya ya riga ya kashe Asubarsa.

Sayi ƙaramin littafi. Duk daren Juma'a ka rubuta abin da ka yi a makon da abin da ya kuɓuce maka. In mako ya lalace saboda zazzaɓi ko jarrabawar yara, kada ka ninka wa kanka aiki don ramuwa, ci gaba kawai daga inda ka tsaya.

In ka samu shagon, ka kira ni ka haɗa ni da maigidan, ina so in gaishe shi in kuma ba shi amanarka da bakina. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, ta ce za ta aiko maka da yaji da kuka ta hannun direban da ke zuwa Sabo.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka