A Daina Sallamar Kanikawa Daidai Lokacin Da Hannunsu Ya Faɗa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni bakanike ne a wata masana'antar roba a Sharaɗa, Kano. Ranar da na fara canza boris ɗin babban inji, wato ƙarfe mai ƙwallaye da ke sa inji juyawa cikin sauƙi, tun hantsi nake fama har aka kira la'asar, ga giris har gwiwar hannu, na kuma lalata noti biyu. A karo na goma, awa biyu ta ishe ni. Yanzu daga ƙarar inji nake gane boris ne ya ci ko bel ne ya saki.

Tun 1936 injiniya Theodore Wright na Amurka ya lura da haka a ƙirar jiragen sama: duk lokacin da yawan jiragen da aka ƙera ya ninka, aikin da kowane jirgi ke ci yakan ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari.

To, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaukar yara aikin wata uku a sallame su. Yaro ya fara sanin kan inji, sai a kawo sabo mu koma farko, inji na tsaye. Ina roƙon masu masana'antu su riƙe yaran nan, su kuma ajiye littafin gyara kusa da kowane inji.

Naku,
Wani bakanike, Sharaɗa, Kano