'Ya'yanmu Kirista a jami'a, ku fito da Littafin daga ƙasan akwati

Malam Edita,

Ina gaisuwa, da fatan ana aiki lafiya. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'ya'yanmu Kirista da ke jami'o'i da kwalejoji a nan Arewa.

A hutun da ya wuce 'yata ta dawo daga jami'a. Ina taya ta kwashe kayan wanki sai na tarar da Littafi Mai Tsarki da na ba ta ranar tafiya, can ƙasan akwati, a naɗe cikin zane, ko ledarsa ba a cire ba. Da na tambaye ta sai ta ce, "Mama, mu huɗu ne a ɗakin, ni kaɗai ce Kirista. Ba na son abin da zai ja magana." Na ce, su fa, suna ɓoye sallarsu? Ta ce a'a, ɗaya ma tun kafin asuba take tashi ta yi alwala, ta shimfiɗa sallaya tsakanin gadaje. Yarinyar nan ta burge ni, don ta san abin da ta riƙe kuma ba ta jin kunyarsa. Tawa kuwa wata huɗu tana addu'a a ƙarƙashin bargo.

Ban ga laifinta duka ba. Mu da muka ga watan Maris na 1987 mun san yadda rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya kai har Zariya da Kaduna. Su kuma 'yan yanzu da wayonsu aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista da aka zarga da ɓatanci, a Sakkwato a watan Mayun 2022. Shi ya sa wasiyyar iyaye a tasha ta koma guda ɗaya: ki kama bakinki. Ni ma na faɗa mata haka, kuma yanzu na ga rabin magana na ba ta.

Sauran rabin yana cikin 1 Bitrus 3:15, inda aka ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambayi dalilin begen da ke cikinmu, amma da tawali'u da ladabi. Babu zagin addinin wani a nan, babu taɓa abin da maƙwabci ke girmamawa, babu gardamar WhatsApp da tsakar dare. Wanda ke yin waɗannan ba shaidar Almasihu yake yi ba, zuciyarsa yake bi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa da yaɗa shi, amma ba a faɗin bishara da ɗaga murya.

Lokacin da nake kwalejin horar da malamai, a FCS aka raine mu, zumuntar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957. Wata abokiyar ɗakina Musulma ta kwanta da zazzaɓi ana dab da jarrabawa. Kwana uku ina ɗebo mata ruwa, ina dama mata kunu, ina kwafa mata darasi. Da ta warke ta tambaye ni dalili. Na ce Yesu ya ce in ƙaunaci maƙwabcina kamar kaina, sai muka yi hira har aka kashe fitila. Tana nan Musulmarta, ni ina nan Kiristata, kuma ita ce ta riƙe mini gyale ranar aurena. Amma ta ji labarin Yesu daga bakin wadda ta yarda da shi.

To 'ya'yana, ku nemi FCS ko NIFES, ita ma zumuntar ɗalibai Kirista ce, a makarantarku tun makon farko. Ku yi addu'a kafin cin abinci ko da a gaban wa. Ku ƙi satar amsa, in an tambaye ku dalili ku faɗa. Ranar Lahadi in an ce ina za ki, ki ce sujada, kada ki ce "zan ɗan fita."

Da 'yata za ta koma, ita da kanta ta ɗora Littafin a saman kaya. Makon jiya ta kira ni ta ce mai sallayar nan ta gan ta tana karatu, ta tambaye ta ko Zaburar Annabi Dawuda na ciki. Ta buɗe mata Zabura 23, suka karanta tare.

Taka,
Wata uwa, malamar makaranta mai ritaya, daga Zonkwa