Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni game da kuɗin marayunta

Assalamu alaikum Hajiya,

Tambayar da kika yi mini a shirin rediyo na daren Laraba ta fi ƙarfin ɗan lokacin da mai gabatarwa ya ba ni, shi ya sa na yi alkawarin amsa ta a rubuce. Ga waɗanda ba su saurari shirin ba: maigidanta ya rasu ya bar yara ƙanana. Bayan rabon gado, ƙanin marigayin ya karɓi kason yaran ya ce zai juya musu a kasuwa. Shekara uku ke nan. Da ta nemi bayani sai ya ce ya sayi masara ya ajiye, farashi ya karye, kuɗi sun tafi, ta rungumi ƙaddara. Ita kuma ta tambaya: yaran suna bin baffansu wani abu, ko kuwa magana ta ƙare?

Hajiya, magana ba ta ƙare ba. Yaranki suna bin baffansu lissafi, wannan babu ko tantama. Ko suna bin sa kuɗi, kuma nawa ne, lissafin ne zai faɗa.

Bari in fara da ɓangaren da zai fi yi miki ɗaci. Wanda aka ba wa dukiya ya juya ba ya lamunce riba, ba ya ma lamunce uwar kuɗi. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, mai juya kuɗin ƙiradi, wato jarin da aka ba mutum ya juya a raba riba, amintacce ne. In an ci riba a raba bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Da za a gindaya masa sharaɗin biyan asara tun farko, ƙiradin ma ya ɓaci. Sa dukiyar marayu a kasuwa kuwa ba laifi ba ne, abin so ne. An ruwaito Sayyidina Umar yana umarni da a yi kasuwanci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, Nana A'isha ma tana ba 'yan kasuwa dukiyar marayun da ke hannunta su juya. Balle a zamaninmu, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuɗin da aka kulle a akwati ma narkewa yake yi. Haka nan gaskiya ne farashin hatsi ya sauko sosai a 2025, kuma masu ajiya da dama sun ji jiki. Saboda haka kada ki shiga maganar nan da zuciyar cewa lallai ɓarawo ne. Yana iya kasancewa ya faɗi da gaske.

Amma amincin da shari'a ta ba shi yana da iyaka. Yana faɗuwa in ya wuce gona da iri ko ya yi sakaci. Kuma malamai sun ce ana karɓar maganar mai juyawa a kan asara ne matuƙar babu alamar da ke ƙaryata shi, har ana tambayar 'yan kasuwar da ke wannan sana'a ko irin wannan kaya yana yin irin wannan faɗuwa a irin wannan lokaci.

To a nan ne nake so ki tsaya da kyau, domin aikina na shekaru shi ne binciken asusu, kuma cinikin hatsi yana barin sawu. Wanda ya sayi masara ya san buhu nawa ya saya, a wace kasuwa, Dawanau ce ko ta ƙauye, a wane wata, nawa kowane buhu. Akwai dillalin da ya haɗa cinikin. Akwai 'yan dako da mai mota. Akwai mai siton da aka biya haya, akwai maganin ƙwari da aka saya aka sa a buhuna. In ta banki aka biya, alat ɗin yana nan a waya, bankin kuma zai fitar da takardar bayanin asusu in mai asusun ya nema. Ranar sayarwa ma haka. Sannan ki lura: karyewar farashi ba ta mayar da masara iska. In an saya a kan naira ɗari aka sayar a kan hamsin, hamsin ɗin tana nan. Wanda ya ce miki komai ya tafi saboda farashi ya faɗi, bai gama ba ki labari ba. Ina ragowar?

Tambaya ta biyu ita ce ko ya ware kuɗin yaran daban, ko kuwa ya zuba su cikin nasa jarin. Aya ta 2 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar marayu a haɗe da ta mai riƙo, ta 6 kuma ta ce a kafa shaidu ranar da za a miƙa musu ita. Abin da na sha gani shi ne mutum ya haɗa kuɗin amana da nasa ba tare da rubutu ba. Cinikin da ya yi albarka sai ya zama nasa, wanda ya faɗi kuma sai a tuna ai da kuɗin marayu aka yi shi. Sau da yawa shi kansa bai shirya yin haka ba, amma tunda babu rubutu, zuciya ce ke raba lissafin, ita kuwa zuciya gida take karkata. Wannan matsala ce ta sa dokar fansho ta 2004 a Najeriya ta raba aikin gida biyu: kamfanin da ke juya kuɗin ma'aikata daban, wanda ke ajiye su daban, don kada hannu ɗaya ya riƙe kuɗi ya kuma riƙe littafi.

Ta uku, ko ya amfana da kuɗin ta wata hanya da bai faɗa ba. Ya sayar wa yaran masarar gonarsa da tsada? Ya biya bashinsa da kuɗinsu da niyyar mayarwa? Ya ranta wa aboki don a gode masa? A wannan gaɓa dokar Turawa da muka gada tana da tsanani ƙwarai, kuma shari'ar da ake yawan kafa hujja da ita ma a kan yaro ƙarami da kasuwa aka yi ta. A 1726 a Ingila, a shari'ar Keech da Sandford, wani mutum yana riƙe wa yaro hayar kasuwar Romford. Da wa'adi ya cika mai kasuwar ya ƙi sabunta hayar da sunan yaro, sai mai riƙon ya karɓe ta da sunansa. Bai sace komai ba, yaron ma ba zai samu hayar ba ko da ya bar ta. Duk da haka alƙali Lord King ya ce ya mayar wa yaron ita tare da ribar da ya ci, domin in aka buɗe wannan ƙofa, masu riƙon amana kaɗan ne za su riƙa sabunta wa marayu haya. Wannan ƙa'ida ce take cikin dokar kamfanoni ta 2020 a ƙasarmu, sashe na 305 da na 306, inda aka ɗora wa daraktoci riƙon amanar kamfani aka hana su ribar ɓoye.

Kuma kalmar "kasuwa ta faɗi" manya ma sun fake da ita. A 2008 kasuwar hannun jari ta Najeriya ta rushe da gaske. Amma da Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya binciki littattafai, ranar 14 ga Agusta 2009 ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba naira biliyan 420 don ceto kuɗin masu ajiya. Shugabar bankin Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a kotu a Oktoban 2010, aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarori na kusan naira biliyan 190. Faɗuwar kasuwar gaskiya ce, cin amanar ma gaskiya ne, buɗe littafi ne ya bambance su.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba amma ya kamata ki sani. A Malikiyya waliccin dukiyar yaro na uba ne, sai wanda uban ya yi wa wasiyya, sai alƙali. Zama baffa kaɗai ba ya ba mutum wannan matsayi. Don haka ki bincika: marigayin ya yi masa wasiyya ne, kotu ce ta naɗa shi, ko kuwa dangi ne suka yi shiru ya miƙa hannu? Wannan na iya sauya hukuncin, kuma alƙali ne zai tantance.

Na san abin da ke ɗaure miki harshe. Za a ce kina neman raba zumunci, za a ce kin tuhumi ƙanin mijinki tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin kunyar da ake nema ki ji da kuɗin yara ake biyan ta, su kuwa ba su da bakin magana. Dukiyar ba taki ba ce balle ki yafe. Neman lissafi kuma ba zargi ba ne. Mai gaskiya ma shi ya fi kowa buƙatar a yi shi, don ya wanke kansa kafin yaran su girma su tambaye shi da kansu.

Ki nemi dattijo ɗaya daga dangin mijinki da ɗaya daga naki, a zauna da shi cikin mutunci. A rubuta adadin da ya karɓa da ranar, takardar rabon gado za ta taimaka. A ba shi wa'adi ya kawo bayanin saye da sayarwa, a gayyato wani ɗan kasuwar hatsi da kowa ya yarda da shi ya duba farashin. In ta tabbata asara ce tsantsa, a karɓi abin da ya rage a sa a asusu da sunan yaran, ki yi haƙuri, Allah ya mayar musu da alheri. In ya ƙi zama, ko ya zo hannu rabbana, ki kai maganar kotun shari'ar Musulunci ta yankinku ki roƙi alƙali ya tilasta lissafi ya kuma naɗa wa dukiyar mai kula.

Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya miki yaran.

Wassalam,
Ɗan'uwanki, mai binciken asusu, daga Kano