Takardar koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan abin da ya faru a firamaren unguwarmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani.

Mu iyayen yara masu lalurar nakasa ne, talakawanka, kuma wallahi ba mu so ta kai mu ga rubuta takarda ba, sai dai tura ta kai bango. Ranar Alhamis da ta wuce wajen bikin ba da kyaututtuka aka sa yara wasan kwaikwayo, aka ɗaure wa wani ido da tsumma, aka ba shi sanda da ƙoƙo yana bin layi yana "a taimaka wa makaho", fili ya kwashe da dariya har da malamai, alhali ɗiyar ɗayanmu da ba ta gani tana zaune a benci na gaba tana jin komai. Tun ranar ta ƙi saka yunifom. Wani yaron mai shan inna kuma sun laƙaba masa "Sarkin bara".

Mun sha zuwa, ranka ya daɗe. Hedimasta, taron iyaye da malamai, mai unguwa, ofishin sakataren ilimi, mun ma manta sau nawa, kullum sai a ce za a duba.

Ba mu ga laifin yaran ba, abin da suka gani a bakin titi shi suka sani. Wa ya taɓa gaya musu Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji da manya ke rerawa, makaho ne? Ko Abdullahi ɗan Ummi Maktum, ladanin Annabi (SAW), wanda saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma ake bar masa jagorancin Madina in an fita yaƙi? Yaran nan sun haddace surar fa! Louis Braille ɗan Faransa yana shekara 15 ya ƙirƙiro rubutun makafi. A gasar nakasassu ta duniya a Rio a 2016 'yan Najeriya zinare 8 suka kawo, masu ƙafa biyun kuwa a gasar Olympics ta wannan shekarar tagulla ɗaya tal. Ko ɗaya ba a faɗa a aji.

Roƙonmu, ka sa baki a riƙa koyar da waɗannan ko sau ɗaya a wata a asambili da darasin addini. A gayyato Sarkin Makafi da masu ƙera keken guragu yara su gan su da sana'arsu. A riƙa raya ranar 3 ga Disamba, wato ranar nakasassu ta duniya, a makarantu. A ja kunnen malamai, tunda dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafe su. Kuma dai a daina wannan wasa na bara, a zo har gida a ba yarinyar nan haƙuri.

Allah ya huci zuciyarka in mun yi tsauri.

Talakawanka,
Iyayen yara masu buƙata ta musamman