Wasiƙa zuwa ga Habu a Kumasi

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya Kumasi, ya kasuwa? Kwana biyu shiru kamar an aiki bawa garinsu, shi ya sa na ce bari in tsokano ka.

Hutun da ya wuce na raka ɗalibanmu 'yan aji biyar duwatsun Shere, gabas da Jos, sansanin nan na horon 'yan Man O' War da ni da kai muka fara haɗuwa muna samari. Sanyin asuba da usur ɗin tashi suna nan yadda ka san su. Ashe ma ba a Jos abin ya samo asali ba. A 1951 wani Bature, Alec Dickson, ya fara irin wannan horo a bakin teku a Man O' War Bay, kusa da Limbe ta Kamaru, lokacin ana mulkin yankin tare da Najeriya. Daga can 'yan Man O' War suka samo sunansu.

Ka san halin yaranmu a aji: 'yan birni gefe guda, 'yan ƙauye gefe guda, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci sai gaisuwa daga nesa. A can kuwa aka cakuɗa su rukuni-rukuni, ba wanda ya zaɓi abokin tafiyarsa. Ka tuna doguwar katangar nan da ba ta hawuwa sai wani ya ba ka kafaɗa, wani ya jawo ka daga sama? Na ga ɗan wani attajiri ya durƙusa, yaron da ko biro ba ya ara masa ya taka bayansa da takalmi duk taɓo, suna ta dariya.

Akwai wani yaro Bafulatani, shiru-shiru, a aji kullum yana kujerar baya ana yi masa ba'a. Ranar hawan dutse, da tafiya ta yi nisa 'yan gayu suka fara haki, shi ya nuna musu yadda ake saukowa a kaikaice kada tsakuwa ta kwashe mutum, ya hana su shanye ruwan gora tun da hantsi, da dare kuma ya hura wuta da itacen da raɓa ta jiƙa. Tun daga nan suke ce masa Ardo. Mun dawo makaranta, sunan bai sake shi ba, kuma yanzu su ke zama da shi su yi masa bitar lissafi.

A ganina da can gayya da kiwo da farauta ne suke mana wannan aikin, ba tare da an kira shi darasi ba. Yau yaro daga aji sai ɗaki sai waya. Ban ga laifin iyayen da suka hana 'ya'yansu zuwa ba, hanya ta zama abin da ta zama, ni ma sai da muka shigo gari hankalina ya kwanta.

Muna shirin sake zuwa baɗi in Allah ya kai mu. In za ka turo babban ɗanka hutu, ka sanar da ni da wuri in sa sunansa, ka kuma haɗo shi da rigar sanyi mai kauri. Ka gaida Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Maman yara tana gaida uwargida, ta ce har yanzu tana jiran atamfar da aka yi mata alkawari.

Naka,
Isa, Zariya